Daga Gida Zuwa Jida: Zaman Ɗalibi a Tamale

Wanda ya karanci Hausa a aji yakan ji labarin Hausar Gana a darasi guda tak, galibi a ƙarshen zangon karatu, lokacin da malami yake gaggawar kammala babin karin harshe. Za a ce masa ta zubar da jinsi, ta rasa baƙaƙe masu ƙugiya, daga nan sai a wuce. Abin da ɗalibi yake fita da shi jerin asara ne, kamar ana lissafa kayan da ɓarawo ya kwashe daga ɗaki. Na zauna wata huɗu a Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, ina tattara bayanai domin kundin digirina, kuma ina son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda wannan Hausa take a bakin masu ita, da kuma inda ƙarfinta yake tsayawa, domin tana da iyaka.

Da farko dai, Tamale ba garin Hausawa ba ne. Ƙasar Dagwamba ce, wadda masu ita suke kira Dagbon, harshensu kuwa Dagbani. Babban sarkinsu, Ya-Na, yana zaune a Yendi, can gabas. Turawan Ingila ne suka ɗaga darajar Tamale a 1907, sa'ad da suka mayar da ita mazaunin mulkinsu na arewacin ƙasar. Amma baƙon da ya fito daga Kano ko Katsina zai iya mance wannan duka a kwanansa na farko. Bayan doguwar tafiya daga Akra, wadda tsofaffinmu suke kira Ankara, ta Kumasi da Kintampo, in mota ta ƙetare kogi a Buipe sai duhun kurmi ya zama labari. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga kuka, ga zabi suna tsallake titi. Kiran salla yana tashi daga kowace kusurwa. Agogo kaɗai ke tuna maka ka bar gida, don Gana tana bayan Nijeriya da awa ɗaya.

Abokan da na yi a Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka kafa a 1992 aka kuma fi sani da UDS, sun ba ni shawarar in kama ɗaki kusa da makaranta tare da sauran ɗalibai baƙi. Na gode musu, amma na zaɓi cikin gari. Ita kanta jami'ar takan tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka na makonni a zangon karatu na uku, su ci abin da mutane suke ci, su rubuta abin da suka gani. Na ga bai kamata wanda ya zo nazarin harshe ya kwana inda ba a jin komai sai Turanci ba.

Sunan unguwar da na sauka shi ne darasina na farko: Sabonjida. Haka aka rubuta a allunan shaguna, haka masu Keke Napep, wanda a can ake kira yalo-yalo, suke kiranta. Sabon Gida ce. Baƙin /g/ ya koma /j/ saboda wasalin gaba da ya biyo shi, abin da muke kira ganɗantawa a darasin tsarin sauti. Da kunne ya kama wannan doka, sai ka riƙa jin ta ko'ina. Kifi ya zama cifi, kyau ya zama cau, gyara ya zama jara. Keke, wanda Dagwamba suka ara daga gare mu, sunansa cece a harshensu, kuma Tamale garin kekuna ne da babura, inda za ka ga dattijuwa da mayafinta da goyon jika tana tuƙa babur cikin natsuwa, babu mai waiwayenta. Ɗalibi ya lura: wannan sauyi yana da tsari, ba ya faɗawa kan kowace kalma. Ba za ka ji an ce cano ana nufin Kano ba, ko joro ana nufin goro, domin wasalin da ya biyo baya ba na gaba ba ne. Abin da yake bin doka irin wannan, ba a kiransa kuskure.

Mafi daɗin misalin ganɗantawa kuwa a cikin tukunya yake. Abincin da ya fi kowane farin jini da hantsi a duk faɗin Gana shi ne wanda ake rubutawa waakye, a furta shi wace. Waken nan ne namu. Shinkafa da wake ce, aka gajarta sunan, aka rubuta shi da ƙa'idar rubutun Akan, inda ky take wakiltar sautin /c/. Amma kada mai karatu ya zaci garau-garau zai tarar. Ana dafa ta da busasshen ɓawon jan kara, irin wanda dukawanmu suke kira karan dafi suna rina fata da shi, shi ya sa take fitowa ja-ja mai duhu. A kanta sai a zuba gari, da taliya, da dafaffen ƙwai, da ganda, da wani baƙin yaji soyayye mai suna shito. Sunan namu ne, girkin nasu ne, kuma ban ji kunyar cewa nasu ya fi wanda na saba ci armashi ba.

Haka abin yake tun daga asuba har dare. Da sassafe akwai koko, wanda a kudancin ƙasar ake kira Hausa koko don a bambanta shi da na masara. Na gero ne, ya sha citta da kanumfari da barkono, ana haɗa shi da ƙosai, wanda suke kira kose. Da rana akwai tubani, naɗe cikin ganye, abincin da yaran birni da yawa a gida ba su taɓa gani ba sai a ƙamus. Da dare akwai tuo zaafi, wato tuwo mai zafi, wanda 'yan boko suka taƙaita zuwa TZ. Ya fi namu laushi domin ana sirka garin masara da na rogo, miyarsa kuwa ta ayoyo ce, wato lalo. Har tuwon shinkafa ma sunansa rabi da rabi ne, omo tuo: kalmar farko shinkafa ce a harshen Akan, ta biyu tamu ce. Mai tsire yana nan a bakin titi, ana kiran hajarsa cicinga, sunan da kullum yake tuna mini da tsinke. Ga fura, ga daddawa da suke kira dawadawa, ga gasasshen zabo wanda ya zama abin alfaharin garin.

Akwai wata Hajiya mai koko a bakin layinmu. Kusan rabin littafin bayanaina a gindin tukunyarta na cika shi. Da ni Hausa take yi, da maƙwabtanta Dagbani, in ɗan kudu ya tsaya ta juya zuwa Twi, in ɗan makaranta ne ta jefa masa Turancin kasuwa, duk ludayinta bai tsaya ba. Takan ce mini: "Malam, yau ma ba sukari?" In ce: "Hajiya, a bar shi haka." Ban taɓa jin ta furta /ƙ/ ko /ɗ/ ko /ts/ ba. Tsada a bakinta sada ce, tsoro kuwa soro. Ɗalibin da ya haddace tagwayen kalmomi irin su ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, zai zaci za a riƙa samun ruɗani a kowace jimla. A wata huɗu ban ga an rikice ko sau ɗaya ba. Karin sauti da tsawon wasali da muhallin magana sun ɗauki nauyin da ƙugiya ta sauke.

Batun jinsi shi ma ya fi yadda ake koyar da shi sarƙaƙiya. Gaskiya ne za ka ji riganka da motan shi, ba rigarka da motarsa ba. To amma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a Zariya ko Bauci. Masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu ko na uku su ne sukan kai abin har ga mutum, su ce wa mace ya zo. A tsofaffin gidajen Zongo kuwa, inda Hausa ce harshen uwa, na zauna da dattawan da suke rarrabe ta da ya tsaf, kuma a maganarsu ina jin ƙamshin karin yamma, irin na Sakkwato da Kabi. Saboda haka cewa "Hausar Gana" kamar abu ɗaya ce dunƙule, ragon bayani ne. Akwai Hausar gado, akwai Hausar kasuwa, kuma tsakaninsu matakai ne masu yawa.

A kasuwar Aboabo na koyi wani lissafin da babu shi a littafi. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Har yau akwai tsofaffin mata masu doya da man kaɗe da suke faɗin farashi da tsohon lissafi. In ta ce maka dubu hamsin, sidi biyar take nufi. Wanda ya taɓa ciniki a Maraɗi, inda ake ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya tana daidai da sefa biyar, zai gane irin wannan abu nan da nan: gwamnati takan sauya takarda cikin yini guda, baki kuwa sai ya ga dama. Kasuwannin ƙasar Dagwamba kuma suna ci ne duk bayan kwana shida, don haka ranar kasuwa tana zagaya ranakun mako, ba kamar namu da muke cewa kasuwar Laraba ko ta Juma'a ba.

Da Hausa zalla za ka iya sayen abinci a Tamale, ka yi cinikin yadi, ka hau yalo-yalo, ka tambayi hanya, ka yi hira da mahauta da masu goro. Nan ne kuma iyakarta. Na gane haka a bakin famfo. Ruwa ba kullum yake zuwa unguwarmu ba, ranar da ya zo kuwa tun kafin ketowar alfijir ake jera jarkoki masu ruwan ɗorawa. A wannan layi ake labarin wanda ya rasu, da wadda ta haihu, da wanda aka sa wa rana. A nan ake dariya, a nan ake faɗa, kuma duk da Dagbani ake yi. In na yi tambaya za a amsa mini da Hausa cikin ladabi, sannan a koma inda aka tsaya. Hausa ta buɗe mini ƙofar shago, amma ta bar ni a zaure. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A bakin famfon nan na ga yana iya zama kurma ma, ko da ana jin harshensa.

Mai masaukina, wani dattijo Badagwambe da nake kira Baba, shi ya fara koya mini gaisuwa. Da safe a ce dasiba, da rana antire, da yamma aninwula, amsar duka kuwa naa. Gaisuwar takan yi tsawo, mai gaisarwa yana jero tambayoyi, ana amsa masa naa, naa, ko alaafee. Yaro ba ya gaida babba a tsaye, sai ya rage tsawo ko ya durƙusa, kamar yadda ake yi a gidajen da suka riƙe tarbiyya a ƙasarmu. Ran da na fara tsayawa a gaban tsofaffin layinmu na durƙusa na ce dasiba, sai da aka yi shewa. Daga ranar aka daina ce mini ɗan Nijeriya, aka koma ce mini Afa, wato malam. Kalmomi uku ne suka yi wannan aiki, abin da Hausata ta shekara ashirin da ɗoriya ba ta yi ba.

Abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne, da na sa kunne cikin Dagbani sai na riƙa cin karo da 'yan gida. Mai sallama a ƙofa yana cewa gaafara, mai tarbarsa ya ce amaraaba. Labari lahabali ne, dalili daliri, amfani anfaani, albasa alibalsa, shinkafa tana nan shinkaafa, wanzami kuwa wanzam. Gogen da ake yi wa sarakuna sunansa goonji. A nan sai ɗalibi ya yi hattara, kada son kai ya sa ya ce duk daga Hausa aka aro. Da yawa daga cikinsu asalinsu Larabci ne, kuma Wangarawa sun daɗe suna kawo addini da fatauci wannan yanki, don haka wasu kalmomin ta hannunsu suka shigo. Rarrabe wadda ta biyo ta Hausa da wadda ta biyo ta Mande aiki ne da ya isa kundin digiri guda.

Yadda Hausa ta zo nan labarin goro ne. Fataken Gwanja, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan taso daga Kano da sauran biranen ƙasar Hausa ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yendi, har Salaga, inda goron kurmin Asante yake jiransu. A wannan kasuwa har da bayi ake sayarwa, kuma ba daidai ba ne mu riƙa ba da labarin goro muna tsallake wannan. Inda ayari ya sauka shi ne zango, kalmar da ta zama Zongo, sunan unguwar baƙi Musulmi a kusan kowane garin Gana. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar, suka bazu suka kafa sababbin zanguna. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce na Hausa da Larabci waɗanda duk mai nazarin adabinmu ya kamata ya sani, kuma yana da kyau mu tuna cewa a ƙasar da yau ake kira Gana ya rubuta mafi yawansu. Hanya ta biyu ta bariki ce. Turawa sun kawo sojojin da suke kira Hausawa daga Legas domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Hausa ta zama harshen soja, har taken rundunar ƙasar ya zama Kullum Shiri.

Na yi dacen ganin bikin Damba, wanda ake yi a watan Maulidi, daidai lokacin da Daurawa suke Sallar Gani. Dawaki sun sha ado, makaɗan lunsi suna matsa gangunansu masu kama da kalangu suna jero sunayen kakannin sarakuna, maza suna juyi cikin rigar saƙi mai faɗi wadda ake kira fugu, tana buɗewa kamar laima. Irin rigar ce Kwame Nkrumah ya saka daren samun 'yancin kai a watan Maris na 1957. Sarakunansu a kan fatu suke zama, kuma hawa fata shi ne daidai da naɗin rawani a wurinmu. Komai ya yi kama da hawan salla, amma ko baiti ɗaya na kirarin ban fahimta ba sai da jikan Baba ya riƙa fassara mini.

Wannan yaro, ɗan sakandare, yana jin Hausa sosai, yana kallon finafinan Kano a wayarsa, yana kuma dariyar yadda nake matse maƙogwaro wajen furta ƙ. Amma bai taɓa ganin littafin Hausa na boko ba sai a hannuna. Harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu sun haɗa da Dagbani da Gonja da Twi da wasu, babu Hausa a ciki, domin ana ɗaukarta harshen da ya zo daga waje. In zai aika saƙo a WhatsApp da Hausa, da ƙa'idar Turanci yake rubutawa, ch a gurbin c. Ya taɓa tambayata ko gaskiya ne a Nijeriya ana cewa Hausarsu gurɓatacciya ce. Na ce masa akwai masu faɗin haka, kuma ban yarda da su ba. Harshen da ya rayu fiye da ƙarni guda nesa da gida, ba makaranta, ba hukuma, ba ƙamus, ya raɗa wa abincin ƙasa guda suna, ya shiga bakin soja da na mai koko, ba a yi masa adalci in an auna shi da ma'aunin jarrabawar aji. Daidaitacciyar Hausa tana da aikinta, ni ma da ita nake wannan rubutu. Amma ba ita ce take sayar da doya a Aboabo ba.

Ba duk kalmar da muka ba da aro ce take da daɗin ji ba. 'Yan matan da suke dakon kaya a ka a kasuwannin Akra da Kumasi ana kiransu kayayei: kaya tamu ce, yei kuwa mata ne a harshen Ga. Da yawansu daga ƙauyukan wannan yanki na arewa suke tafiya. A gidan da ke kallon namu akwai yarinyar da ta tafi tun kafin zuwana, uwarta takan zo wurin jikan Baba ya duba mata ko an turo kuɗi ta waya. Duk lokacin da na rubuta kalmar a matsayin misalin haɗaɗɗen suna, sai fuskar matar nan ta faɗo mini.

Daren da zan tafi, wani tsoho daga Zongo, abokin Baba, ya zo sallama. Kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka Nijeriya ba. Ya ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, yadda aka yi ta sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, yadda wasu da aka haifa a nan suka hau mota zuwa ƙasar da ba su sani ba. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce ƙanensa yana cikin waɗanda aka koro daga Legas a 1983, zamanin Shagari. Babu wanda ya ɗaga murya. Suka fasa goro ɗaya, suka miƙo mini ɓari. Kayana suna gefe a ɗaure: doya shida, ƙullin man kaɗe, fugu guda da Baba ya saya mini, da littattafan bayanai huɗu, duk cikin jakar nan mai zanen dara wadda muke kira Gana-mos-go. Tsohon ya dube ta, ya tambaye ni ko har yanzu sunanta ke nan a wurinmu. Na ce har yanzu.